Hadisk ɗina ya hwara ƙara, waƙoƙin da nit tara tun 2013 na ciki, mi za ni yi?

Dan_Mabera
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin kwamfuta ku taimaka min da shawara, hankalina tashe shike. Ina da wani hadisk na waje mai tera ɗaya wanda nika tara waƙoƙi ciki tun 2013. Jiya da dare na jona shi ga laftof sai nij ji shina wata ƙara ƙas ƙas ƙas kamar agogon bango, ya daɗe kahin shi buɗe, da yab buɗe kuma in ka taɓa wata folda sai kwamfutar ta tsaya cik. Abin da ac ciki ya kai giga 420. Mafi yawa waƙoƙin zamani na da na Indiya da ƙasidu, waɗanga ban damu da su sosai ba. Abin da ka cin raina folda guda ta, kaset-kaset na tsohona Allah shi jiƙan shi, waƙoƙin makaɗan fada da na noma da na 'yan dambe waɗanda shi da kainai yaɗ ɗauka da rikoda wurin bukukuwa da hawan salla, na kwashe kusan shekara biyu ina juye su cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Kwafi guda ɗai gare ni. Mi za ni yi yanzu, kuma in Allah ya sa sunka tsira wace hanya ta ta ajiya wadda mutum ba ya sake shiga wanga hali?

Injiniya_Arkilla
Wa'alaikumus salam. Kafin komai, cire shi daga kwamfuta ka ajiye, kar ka riƙa jonawa kana cirewa wai ka ga ko ya dawo daidai. A cikin abin nan faifai ne ke juyawa, irin naka yawanci sau 5400 a minti ɗaya, sannan akwai wani ɗan hannu mai kai kamar allura da ke shawagi a saman faifan ba ya taɓa shi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba ko kusa. Ƙarar da ka ji hannun ne ke zuwa neman wurin da zai karanta ya kasa ya koma. In kan ya soma gogar faifan to duk kunnawar da ka yi ƙarin ɓarna ce, kuma inda ya kankare ya tafi kenan.

Amma akwai sa'a ɗaya, wani lokaci ƙarancin wuta ne daga kebul ko daga ramin USB ke sa irin wannan ƙarar. Don haka ka fara tanadar inda za ka juye tukuna, ka samo kebul mai kyau gajere, laftof da cikakken caji, ka jona kai tsaye ba ta wata mahaɗa ba. In ya buɗe kar ka tsaya sauraron komai, foldar Baba za ka fara kwashewa. In Windows ya ce maka ka yi fomat ko ka bari ya gyara, ka ce a'a.

Abba_Minanata
Allah ya jiƙan Baba. Ni dai na taɓa jin an ce a sa shi a leda a saka a firiza ya kwana, da safe sai ya buɗe

Injiniya_Arkilla
Abba don Allah kar a yi wannan. Kana fito da shi daga sanyi zuwa cikin zafin garin nan raɓa za ta kwanta a kan faifan, ka kunna shi da danshi a ciki ka ƙarasa shi da hannunka. Haka kuma kar a bari wani ya kwance murfinsa a shago, ƙura ƙwaya ɗaya ta isa ta yi ɓarna, balle ƙurar Sakkwato.

MaiTuri_Kwannawa
Dan_Mabera ka ji maganar Injiniya wallahi. Ni sana'ata ta kenan turin waƙa da fim, kuma abin ga ya taɓa cin kasuwata gaba ɗai. Tera biyu cike, ina tsakar tura ma wani yaro anka ɗauke wuta, anka maido ta da ƙarhi, tun daga ranan bai sake tashi ba. Na kai ma wani mai gyara yac ce in dawo bayan kwana ukku, da nid dawo yac ce ya gyaru, ashe fomat yay yi mai, ya ba ni shi wayam kamar sabo shina murna. Na zamani dut na maido su cikin sati biyu wurin abokan sana'a, wanga shi ba ka wagga folda wancan shi ba ka waccan. Amma tsohhin da wani dattijo na Gwadabawa yab ba ni, har yau ban sake samun su ba kuma shi ya rasu. To tun sannan hadisk biyu gare ni, guda shago guda gida, duk Juma'a bayan an sakko masallaci nika juye sabbin abin da anka samu.

Ummu_Khalil
Ni tambayata me ya sa ba za ka zuba su a waya ba kawai ko a filash? filash ai ba ya ƙara ba ya komai, nawa yana cikin jaka shekara da shekaru

Dalibi_Dundaye
Anti filash ya fi kowa yaudara. Ba ya ba ka alama, yau yana aiki gobe a ce a yi fomat. Ga kuma na jabu sun cika kasuwa, a rubuta giga 128 a jiki kwamfuta ma ta nuna 128, alhali ainihin cikinsa bai wuce 8 ko 16 ba, kana ta zubawa yana karɓa yana taka na baya, sai ranar da ka zo buɗewa ka ga sunaye suna nan amma waƙa ba ta tashi. Ya faru da ni da rikodin ɗin lacca na zango guda. Akwai ƙaramar manhaja kyauta H2testw, tana cika filash ɗin da bayanai sannan ta karanta ta gaya maka gaskiyar girmansa, duk wanda ya sayi sabo ya gwada kafin ya amince masa.

Ummu_Khalil
Innalillahi, to bari in duba nawa, hotunan bikin ƙanwata duk suna ciki

Bagobiri_SabonBirni
Ni ina ganin ana kewaye-kewaye ne. Zamanin hadisk mai juyawa ya wuce, ka sayi SSD ka huta, babu faifai babu allura, ko ya faɗi ƙasa ba abin da zai same shi, ga sauri.

Injiniya_Arkilla
Bagobiri gaskiya ne ya fi jure faɗuwa da jijjigar mashin, ga wanda ke yawo da shi a jaka shi ya fi. Amma ba ya hana asara. Shi ma yana mutuwa, kuma sau da yawa ba gargaɗi, mai juyawa ko ba komai yakan yi maka ƙara kamar yadda ya yi wa Dan_Mabera. Sannan SSD da caji yake riƙe bayanai, in ka jefa shi a durowa shekaru ba ka jona shi da wuta ba, musamman a wuri mai zafi, yana iya fara zubar da abin da ke ciki. Mu da muke haura digiri 40 a watan Afrilu wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Matsalar ɗan'uwanmu ba irin na'urar ba ce, kwafi ɗaya ne da shi. Akwai wani kamfanin ajiya a Amurka, Backblaze, da ke fitar da lissafin dubban hadisk ɗinsu duk shekara, abin da ke mutuwa yana kaiwa kamar ɗaya zuwa biyu cikin ɗari a shekara, kuma wannan a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta rawa. Masu harkar suna da ƙa'ida da suke kira 3-2-1, wato kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban ba gidanka ba. Na ƙarshen nan mutane suka fi rainawa, alhali gobara ko ɓarawo ko ruwan sama ya faɗo ta rufi ba ya tambaya wanne ne na asali wanne ne kwafi in duk suna ɗaki ɗaya.

Dan_Mabera
Na gode ƙwarai jama'a, na cire shi na naɗe cikin tsumma na aje. Amma Injiniya kwafi ukku na giga 420, ga halin da aka ciki, ina nika samun kuɗɗin hadisk biyu lokaci guda? kuma in an ce intanet, datar da za ta ɗora wanga kaya ai sai an sai da akuya

Dalibi_Dundaye
Yaya tsaya, foldar Baba ita kaɗai nawa ce? kaset nawa ne kuma a wane tsari ka juye su?

Dan_Mabera
Kaset 140 da 'yan kai, MP3 niy yi su, in ban mance ba foldar ba ta wuce giga 11 ba

Dalibi_Dundaye
To ai Yaya matsalarka ta giga 11 ce ba ta 420 ba. Lissafin ma ya yi daidai, MP3 mai 128 yana cin kusan mega ɗaya a minti, kaset mai minti 90 bai kai mega 100 ba. Google na ba kowane asusu giga 15 kyauta, sai dai ka sani da Gmail da hotuna da ajiyar WhatsApp ta masu Android duk a cikin 15 ɗin nan suke ci, don haka gara ka buɗe sabo musamman don wannan. MEGA na ba da 20, OneDrive 5. Ka sayi datar dare ka riƙa ɗorawa kaɗan kaɗan, cikin 'yan kwanaki ka gama. Sauran giga 400 ɗin kuwa MaiTuri ya riga ya faɗa, wurin mutane suke, hadisk ɗaya na biyu ya ishe su in hali ya samu.

Hajiya_RunjinSambo
Ni abin da nake yi na buɗe tasha a Telegram ni kaɗai a ciki, duk karatu da waƙen bege da nake so in tura can, fayil ɗaya yana ɗaukar har giga 2. Waya uku na canza komai na nan. Ɗana ka gwada wannan ma.

Sani_Tambuwal
Hajiya yana da kyau amma a matsayin ƙari. Ni ban yarda mutum ya miƙa wa kamfanin waje amanarsa ya kwanta barci ba. Megaupload dare ɗaya hukumomin Amurka suka rufe shi a Janairun 2012, har masu fayil na halal suka rasa kayansu. MySpace a 2019 suka fito suka ce waƙoƙin da mutane suka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen canza na'urori, ana maganar waƙa kusan miliyan 50. Google da kansa ya rufe Play Music a 2020, wanda bai kwashe nasa da wuri ba ya rasa. Kuma yanzu dokarsu asusun da aka bar shi shekara biyu ba a shiga ba suna iya goge shi. Telegram kuma da lambar waya yake, layinka ya ɓata ko a rufe shi a ba wani ka shiga uku. Ina nufin a ɗora, amma a riƙe na hannu.

Hajiya_RunjinSambo
Wannan maganar layi ta taɓa ni Sani, ban taɓa kawo ta a raina ba. Zan sa yaran su duba min.

Malam_Kanwuri
Allah ya gafarta wa mahaifinka ya sa Aljanna ce makoma. Ina dai tunatar da mu baki ɗaya, yadda muke wannan ɗawainiya a kan waƙa mu yi fiye da ita a kan karatu. Akwai tafsirai da karatun littattafai na malaman garin nan da suka riga mu gidan gaskiya, suna nan a kaset cikin kwali a zaure, gara na ci zafi na narkarwa, ba wanda ya juye.

Kawu_Bodinga
Malam gaskiya kaf faɗi, kuma hanyar dut guda ta, wanda yak koyi tsare wanga ya koyi tsare wancan. Amma kak ku raina abin da yaron ga ka riƙo. Cikin waƙoƙin fada da na noma akwai sunayen sarakuna da hakimai da garuruwa da zuri'a wanda ba ka samu ga takarda, akwai Hausar da yaran yanzu ba su ma san ta ba. Ni shawarata ɗana, ajiyar da taf hi kowace ita ta ka ba mutane. Abin da ad hannun mutum goma ba ya ɓacewa dare guda. Ka kai kwafi Sashen Harsunan Nijeriya na jami'ar Danfodiyo, ka kai gidan tarihi na Waziri Junaidu, ka ba 'yan'uwanka kowa nashi. Mu da munka ɓoye namu cikin adaka muna rowa, yau ina su?

Yar_Gidan_Igwai
Kawu na yarda a raba amma a yi hattara. Kana ba mutum ɗaya gobe ka ji ta a TikTok an yanka an ɗora wani kiɗa a kai, ko wani ya buga sunan shagonsa da lambar waya a tsakiyar waƙar. Kuma makaɗan nan suna da 'ya'ya da jikoki a raye, ya kamata a nemi iyalansu a ba su nasu kafin duniya ta samu, haƙƙinsu ne.

MaiTuri_Kwannawa
Wagga magana ta sa suna cikin waƙa gaskiya ta, wasu cikinmu na yi kuma ba daidai ba na. Ni ban yi ga tsohhin waƙoƙi.

Kawu_Bodinga
Ɗiyata ban ƙi taki ba, a hwara da iyalansu. Amma ko an yanka an ɓata, in ta asali na wurin mutum biyat ai ba ta mutu ba.

Dalibi_Dundaye
Wani abu da ba a taɓo ba, in za a raba kar a tura ta WhatsApp a matsayin sauti ɗaya ɗaya, sunan fayil yakan koma AUD da lambobi da WA, bayan shekara ba wanda ya san wane makaɗi ne ko a ina aka ɗauka. A dunƙule foldar a zip a tura, ko a kwafa hannu da hannu. Haka ma in abu ya kai ga manhajar ceto irin PhotoRec, tana dawo da fayil amma ba suna ba folda, sai ka zauna ka saurari ɗaruruwa kana tantancewa. Yaya in akwai abin da Baba ya rubuta a jikin kaset, ka ɗauki hotonsa ka sa cikin foldar, ka kuma rubuta a littafi.

Dan_Mabera
Akwai kuwa, da ajami yar rubuta mafi yawa, sunan makaɗi da gari wani lokaci da shekara. Ban taɓa tunanin ɗaukar hotonsu ba wallahi.

Bagobiri_SabonBirni
To tunda kaset ɗin suna nan ai ba asara, in hadisk ya mutu ka sake juyewa

Dan_Mabera
Ba duka ad akwai ba Bagobiri. Wajen talatin aro nay yi wurin abokan tsohona na maida musu, wasu sun rasu an raba kaya. Na gida kuma suna Wurno cikin kwali, rabona da buɗe shi tun kahin korona, kuma rikodar da niy yi aikin da ita ta lalace.

Sani_Tambuwal
Ba wanda ya ambaci faifan DVD. Giga 4.7 kowane, uku sun ɗauke foldar nan, kuma in ka ƙona shi bairos ba ya iya taɓa shi, ba a gogewa bisa kuskure. Na san laftof na yanzu ba su zuwa da wurin sa shi, kuma zafi da rana na ɓata shi, amma a matsayin kwafi na uku a cikin akwati a ɗaki mai inuwa ni ina yi.

Injiniya_Arkilla
Ba laifi Sani in za a riƙa dubawa, don rinin da ke jikin faifan da ake ƙonawa a gida yana lalacewa da shekaru. Wannan ma ya shafi kowace ajiya, kwafin da ba ka taɓa buɗewa ka gwada ba kar ka ƙirga shi. Duk bayan wata uku ko huɗu ka jona, ka buɗe waƙoƙi daga wurare daban daban ka ji. Ka sa CrystalDiskInfo, kyauta ce, tana karanta rahoton lafiyar da hadisk ke ajiyewa da kansa, in ta nuna ruwan ɗorawa ka fara shirin canji. Sannan masu amfani da manhajar daidaita folda biyu irin FreeFileSync a kula, in ka zaɓi tsarin madubi, abin da ka goge a nan zai goge a can, in bairos ɗin nan mai mayar da folda shotkot ya shiga kuma duk biyun suna jone to duk biyun zai kama. Na ajiya a gama a cire shi, kar a bar shi a jiki.

Abba_Minanata
Wannan bairos ɗin ya taɓa kama ni a shagon buga takardu, na ɗauka komai ya tafi ashe ɓoye su kawai ya yi, wani ya fito min da su

Dan_Mabera
Jama'a ga yadda anka kwana. Na ari laftof ɗin ƙanena mai wuri, na samo sabon kebul, munka jona da asuba da sauran sanyi. Ya yi ƙarar sau biyu sannan yab buɗe. Foldar tsohona nif fara kamar yadda Injiniya yac ce, kaɗan kaɗan ba gaba ɗai ba. Alhamdu lillahi dut sun hita sai fayil tara, in an zo kansu sai shi tsaya shi dinga ƙara, sai nib bar su. Daga nan na ɗan kwashi ƙasidu, wajen giga 60 yat tsaya bai sake buɗewa ba. Na sa foldar ga laftof ɗin ƙanena da wayata, daren jiya na ɗora giga ukku ga Google. Cikin taran nan huɗu na aro na, guda kuma ita ta wadda anka yi ranar sunana, muryar tsohona na ciki shina magana da makaɗin.

Hajiya_RunjinSambo
Alhamdu lillahi. Allah ya fito da sauran, wannan ta sunan ta tsaya min a rai

Injiniya_Arkilla
Madalla. Kar ka sake kunna shi don taran nan da kwafi na yau da kullum, shi Windows in ya ci karo da wurin da ya lalace nacewa yake yi yana wahalar da kan. Akwai wata manhaja ddrescue a Linux, wato wani tsarin sarrafa kwamfuta kamar Windows, tana kwashe wuraren da ke da lafiya tukuna ta tsallake masu ciwo sannan ta dawo musu a hankali, kuma MP3 ko an rasa ɗan yanki yakan yi wasa da ɗan tsalle kawai. Amma tana buƙatar wani hadisk da ya kai girman wannan, kuma sai in ya yarda ya tashi. Ka yi min magana ta akwati mu ga yadda za a yi ranar Asabar.

Bagobiri_SabonBirni
Ni dai har yanzu in za ka sayi sabo SSD nake ce maka, ko mai giga 256 ne

Sani_Tambuwal
Kuɗin da zai sayi wannan ya kusa saya masa mai juyawa da ya ninka shi girma, ga shi yana da sama da giga 300 da zai sake tarawa. Kuma laftof ɗin ƙanensa da wayarsa duk gida ɗaya suke kwana, har yanzu ba a fitar da kwafi waje ba sai giga ukun nan.

Kawu_Bodinga
Ɗana in ka tashi zuwa Wurno ka biyo ta wurina ko ka aiko yaro, ina da rikoda mai kaset biyu tana aiki, bel ɗinta ɗai anka canza bara. Ka duba kwalin nan tun damina ba ta kama ba, wadda anka yi ranar sunanka ai ba ta aro ba ta, tana iya yiwuwa tana ciki. Ka taho min da kwafi ga mimori in aje nan Bodinga.

Malam_Kanwuri
Kawu in an gama da rikodar ina layi, akwai kwali biyu a zauren gidanmu. Dalibi wace manhaja ake juye kaset da ita, kuma wace waya ake jonawa tsakanin rikoda da kwamfuta?

Dalibi_Dundaye
Audacity Malam, kyauta ce. Waya mai kai irin na abin sauraro a duka ɓangarorin, daga ramin iyafis na rikoda zuwa ramin shigar sauti na kwamfuta, in laftof ɗin rami ɗaya gare shi sai an haɗa da ɗan katin sauti na USB. Wannan karon ku ajiye na asali a WAV ko FLAC, tsarin sauti da ba ya rage inganci, sannan ku fitar da MP3 don rabawa, WAV na cin wajen mega 10 a minti, FLAC kusan rabin haka kuma ba ya rage komai. Kaset nawa ne a kwalayen in lissafa muku wurin da za su ci?